Dusar Ƙanƙara A Bisa Tsauni Da Jinin Ɗan Geza

Wanda ya raɗa wa wannan abu suna "dusar ƙanƙara" ya iya kallo. A Alta, cikin tsaunukan jihar Utah ta Amurka, abin da ke zubowa lokacin sanyi ba shi da maraba da dusar gero wajen laushi da rashin nauyi. Idan aka cika kwano da ita aka narkar, ruwan da za a samu yawanci ba ya kai kashi 10 cikin 100 na kwanon. Saura duk iska ce. Tsananin sanyi ne ke hana ƙwayoyinta manne wa juna. Abin da ke zuba a shekara yakan haura mita 12, shi ya sa masu wasan zamiya ke tururuwa can tun wajen 1939.

Ɗalibi a Geza ta ƙasar Bagudo zai ce ina ruwan biri da gada? Ni kuwa ina ganin da ruwansa, domin hotunan wurin farin ƙasa kawai suke nunawa, ba sa nuna halin da jini ke shiga.

Geza ƙasa ce ta kwari, a yankin kogin Kwara, tudunta bai wuce 'yan ɗaruruwan mita a kan teku ba. Gindin filin wasan Alta kuwa yana wajen mita 2,600, ƙololuwarsa ta haura mita 3,200. A mita 3,000 iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 kamar ko'ina, amma matsin iska ya sauko zuwa kimanin kashi 70 na wanda ake samu a bakin teku. Wato kowace shaƙa ba ta kai wa huhu abin da ya saba samu. Sai numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu, ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan aiki na ƙarshe makonni yake ɗauka, baƙo kuwa kwana uku ya zo yi. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci su ne tukuicin mai gaggawar hawa.

Inda zancen ya fi shafar mu shi ne rukunin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya. Mun saba gaya wa ɗalibai cewa mai AS lafiyarsa ƙalau, sai dai ya kula wajen aure. Gaskiya ne, amma da saura. Idan oksijin ya yi ƙaranci, ga wahalar motsa jiki, ga ƙishirwa, wasu daga jajayen ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyin saifa. A shekarar 2007, Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallo irin ta Amurka mai ɗauke da AS, ya yi wasa a birnin Denver, daga bisani sai da likitoci suka cire masa saifa da matsarmama. Tudun Denver mita 1,600 ne kacal, kusan daidai da tudun Mambila a jihar Taraba. Ashe ba sai an hau jirgi zuwa Amurka ba. Ƙololuwar Chappal Waddi, a jihar ta Taraba, ta kai mita 2,419.

Kada a fahimce ni a baibai: akasarin masu AS suna hawa su sauko lami lafiya, kuma ga jama'a na zaune a Gembu kaka da kakanni. Abin da nake ja a kai shi ne yadda muka ɗaure gwajin jini da ɗaurin aure kaɗai, har yaro ya gama sakandare bai san rukuninsa ba. Kamata ya yi malamin bayoloji ya haɗa darasin numfashi da na gado a zama ɗaya, ya kuma matsa wa ɗalibansa su yi gwajin tun suna aji huɗu.

Wanda tafiya ta kama zuwa irin waɗannan wurare, ya yada zango kwana ɗaya ko biyu a tudu matsakaici kafin ya ƙarasa, ya yawaita shan ruwa, ya sa tabarau mai duhu, don sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ya ƙone. Idan kuma ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, nan ne mazaunin saifa. Ya sauko, ya nemi likita, ya kuma gaya masa rukunin jininsa tun kafin a tambaye shi.