Ɗiyar attajiri a gidan sarauta: abin da ya faru ga iyalin Grignan

A Faransa ta zamanin sarki Luwi na 14, uban amarya ne ke biyan kuɗɗi a wurin aure, ba ango ba. Ana rubuta adadin a gaban notar tun kafin biki, kuma shi ne ke yanke wa yarinya irin gidan da za ta shiga. Ɗan sarauta kuwa doka ta hana masa kasa kaya yana sayarwa. In ya yi, sunansa ya fita daga jerin manya, haraji ya hau kansa kamar kowane talaka. Ga suna, ga doki, ga bayin gida sanye da tufafi iri ɗaya, amma aljihu wayam. Mafita ɗaya ta rage masa, ita ce ɗiyar mai kuɗɗi.

Labarin gidan Madam de Sévigné ya isa misali. Ita kanta haɗin gambiza ce: ubanta ɗan tsohuwar sarauta, uwarta daga gidan Coulanges, waɗanda suka yi arziki da kwangilar karɓar harajin gishiri. An aurar da ita a 1644 tana da shekara 18. A 1651 mijin ya mutu a faɗan takobi a kan wata farka tasa, ya bar ta da ƴaƴa biyu da bashi. Ba ta sake aure ba, kuma ba ta yi wauta ba, domin a wancan zamani macen da mijinta ya mutu tana da ikon juya dukiyarta da hannunta. Matar aure ba ta sa hannu a takarda sai da yardar maigida.

A 1669 ta aurar da ɗiyarta Françoise ga mai sarautar Grignan, wanda ya riga ya binne mata biyu. Kuɗɗin auren libar 300.000 ne, a lokacin da ɗan ƙodago a ƙauye ba ya samun libar guda a wuni. Sarki ya ɗora wa ango wakilcinsa a jihar Provence, muƙami mai girma da cin dukiya: ciyar da baƙi, liyafa, gyaran katafaren gida, ga caca. Albashi bai taɓa rufe wannan rami ba. Ma'aikacin da aka taɓa ba kujerar da ta fi ƙarfin albashinsa ya san sauran zancen.

Wadda ta fara biyan farashin ita ce ɗiyar fari, Marie-Blanche, haihuwar 1670. Kakarta ce ta yi renonta a Paris, tana ji da ita ƙwarai. Amma da aka haifi namiji a 1671, lissafi ya sake: duk abin da aka ba mace a wurin aure, daga gadon magaji aka yanko shi. Tana da shekara biyar aka kai ta gidan mata masu zuhudu a garin Aix, inda abin da ake biya bai kai ko kusa da kuɗɗin aure ba. Ta girma a can, ta ɗauki alkawarin zuhudu tun tana budurwa. A cikin wasiƙunta kakar ta sha nuna tausayin yarinyar, sai dai tausayin bai buɗe ƙofa ba. Ba mugunta ce ta gida ɗaya ba. Haka manyan gidaje da yawa suka yi da ɗiyansu mata, kuma ba wanda ya ga abin kunya a ciki.

Duk da haka bashi bai ragu ba. A farkon 1695 aka aurar wa magajin, Louis-Provence, ɗiyar wani attajiri mai suna Saint-Amans, ɗaya daga cikin masu kwangilar harajin sarki. Ta zo da libar 400.000, mafi yawansu suka wuce kai tsaye hannun masu bin bashi. Bisa doka, mace tana bin matsayin mijinta: ɗiyar talaka ta auri ɗan sarauta ta zama ta sarauta, ɗiyar sarauta ta auri talaka ta sauka. A takarda ke nan. A zauren baƙi kuwa, Saint-Simon, wanda ya rubuta tarihin fadar, ya ruwaito cewa uwar miji kan gabatar da amarya tana ba da haƙuri, tana kwatanta ta da takin da ake zuba wa gona don ta farfaɗo. Matar da ta faɗi haka, kakarta ta wajen uwa daga gidan masu harajin gishiri ta fito. Magana ta kai kunnen uban amarya, zumunci ya lalace.

Magajin ya mutu da ciwon agana a 1704 bai bar ɗa ba, uwarsa ta bi shi a 1705. Ƙanwarsa Pauline ta gaji gidan da bashinsa, ta yi shekaru tana shari'a da masu bin kuɗɗi, har ta sayar da shi a 1732. Marie-Blanche ta rasu a 1735, a gidan nan na Aix da aka kai ta shekara kusan 60 da suka wuce.