LAFIYA UWAR JIKI: Mai Ciki Da Tsere Mai Rukuni Uku

Akwai wani wasa da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, wanda sunansa bai gama zaga ƙasar nan ba, ana ce da shi tirayatalon, watau tsere mai rukuni uku. Ɗan wasa zai faɗa ruwa ya yi iyo, da fitowarsa ya haye keke, da saukarsa kuma ya zuba da gudu, duka a tashi ɗaya babu hutawa. An fara shi yadda aka san shi yanzu a birnin San Diego na Amurka cikin 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni cikin 2000. A ma'aunin Olamfik iyon na kilomita 1.5 ne, gudun na kilomita 10, keken kuwa na kilomita 40, watau kamar mutum ya taso daga Gombe ya nufi Dadin Kowa.

Mata ma suna wannan wasa, kuma da yake shekarun ƙarfi su ne shekarun haihuwa, tilas tambaya ta taso: shin mai ciki tana iya ci gaba da horo, har ta shiga gasa? Nicola Spirig ta ƙasar Suwizalan ta ci zinariya a wannan tsere a Landan cikin 2012, ta haihu cikin 2013, ta komo ta ci azurfa a Riyo cikin 2016. A Amurka wata mai gudu, Alysia Montano, ta yi tseren mita 800 cikin 2014 da cikin mako 34. A wasannin Faris na 2024 kuma Nada Hafez ta Masar ta yi wasan takobi da cikin wata bakwai. Mai karatu a Jekadafari ko Bolari zai ce, to ina ruwan biri da gada? Akwai ruwansa ƙwarai, gama amsar da likitoci suka ba waɗannan mata ta shafi matarsa da ƙanwarsa da 'yarsa.

A da can likitoci sun kasance masu ɗari-ɗari da al'amarin. Cikin 1985 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti ɗaya in tana motsa jiki. Da bincike ya yi nisa sai ta janye wannan iyaka cikin 1994. Cikin 2020 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk mai cikin da ba ta da wata larura ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, watau kamar rabin awa sau biyar. An tabbatar yin haka yana rage hatsarin ciwon sukari da hawan jini na masu ciki, yana hana ƙiba mai yawa, yana kuma sauƙaƙa ciwon baya, ba tare da ya ƙara yawan ɓari ko haihuwar ɗa maras rai ba. Ma'aunin matsakaici kuwa ba ya bukatar na'ura: muddin mace tana iya magana sosai tana cikin motsin, to ba ta wuce gona da iri ba.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Wani bincike da aka buga cikin 2012 a kan gwanayen 'yan wasa shida na ƙasar Norwe, dukansu da cikin wata shida ko kusa da haka, ya nuna cewa sa'ad da bugun zuciyar uwa ya haura kashi 90 cikin 100 na iyakar ƙarfinta, jinin da ke zuwa mahaifa ya ragu, har bugun zuciyar ɗan tayi ya yi ƙasa a wajen biyu daga cikinsu. Dalili shi ne, in aiki ya tsananta jiki yakan karkatar da jini zuwa ga tsokoki. A nan ne horo ya sha bamban da gasa. Mai horo tana iya tsayawa da zarar ta ji ba daidai ba, ita kuwa gasa an shirya ta ne don mutum ya danne gajiya ya yi kunnen uwar shegu da kukan jikinsa. Saboda haka likitoci suka fi karkata ga cewa wadda ta saba ta ci gaba da horo a sassauce, neman lambar yabo kuma a bar shi sai bayan an sauka. Ita kanta Montano ta ƙarshe ta zo a tseren nata, domin da ma ba cin gasa ya kai ta ba, kuma sai da likitocinta suka yarda.

In aka ɗauki rukunan nan uku ɗaya bayan ɗaya aka auna su da halin Gombe, za a ga kowanne da nasa sharaɗi. Iyo shi ne mafi sauƙi ga mai ciki, gama ruwa yana ɗauke mata nauyi, yana kuma sanyaya jiki. Sai dai ana maganar ruwa mai tsabta ne da aka sa wa magani. Ruwan madatsa irin na Dadin Kowa da Balanga, da na tafkuna da kududdufai, nan ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ke ƙara tsotse jinin da mai ciki ke bukata. Keke kuwa hatsarinsa faɗuwa ce, domin yayin da ciki ke girma jiki yakan rinjaya gaba, a kan titin da 'yan acaɓa da Keke Napep ke rige-rige kuma ba sai an faɗa ba. Don haka bayan watannin farko akan ce a koma ga keken nan na ɗaki wanda ba ya motsawa daga inda yake. Gudu na wadda ta saba ne tun kafin ciki, wadda ba ta saba ba tafiyar sauri ta ishe ta.

Sa'an nan ga zafi. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Gombe yakan kai digiri 40 ko ya doshi haka, likitoci kuwa suna gargaɗin kada zafin jikin mai ciki ya haura digiri 39, musamman a watanni uku na farko lokacin da ake halittar gaɓoɓin ɗan tayi. Ke nan lokacin motsa jiki shi ne bayan asuba ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa.

To, duk wannan bayani a kan matan da suka zaɓi wahala da kansu ne. A unguwannin Gombe da ƙauyukan da ke kewaye da ita akwai dubban mata masu yin nasu tseren mai rukuni uku kowace rana, ba alƙalin wasa, ba lambar yabo. Ta tashi ta ɗebo ruwa, jarka mai lita 25 kuwa nauyinta kilo 25 ne. Ta dawo ta kama surfe da daka da wanki a duƙe. In damina ce ta bi gona, ko ta shiga daji neman itace, da ciki a gaba da goyo a baya. In ta ce ta gaji sai a ce da ita ai aiki shi ke sa naƙuda ta zo da sauƙi. Maganar tsofaffi tana da ƙamshin gaskiya, tun da ga shi likitoci ma sun yarda motsi yana da amfani. Amma motsi daban, ɗaukar kaya mai nauyi da tsakar rana daban.

'Yar wasan Turai tana da likita mai auna jininta, tana cin abin da jikinta ke so, kuma ranar da ta ga dama ta huta. A ƙasar nan kuwa binciken lafiya na ƙasa da aka yi cikin 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na masu ciki suna da ƙarancin jini. Alhali kuwa ciki kansa yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa da kusan rabi. Macen da jininta ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga aikin ƙarfi cikin rana, zuciyarta tana ɗauke da kayan da ya fi na mai tseren Olamfik hatsari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata wajen 75,000 ne suka rasu a Nijeriya cikin 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka.

A ɗaya gefen kuma akwai matar mai hali da ma'aikaciyar ofis, wadda da zarar an ga alamar ciki sai a ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗaga. Wannan gata ne mai cutarwa. Yawan kwanciya ba ya hana ɓari, yana ma iya sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Irin wannan mace rabin awa na tafiya ya kamace ta, ko da zagaya tsakar gida ne in ba ta fita.

Abin da zai raba gardama tsakanin wadda ya kamata ta ƙara motsi da wadda ya kamata ta rage shi ne awo. A wurin awo ne ake gane mai hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, da mai ƙarancin jini mai tsanani, da wadda mabiyiya ta tare wa bakin mahaifa, da wadda bakin mahaifarta ba ya riƙe ciki, da mai ciwon zuciya, da mai tagwayen da ake tsoron su zo bakwaini. Duk waɗannan an hana su motsa jiki mai ƙarfi, ko wasa ne ko aikin gida. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je awo sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Amma kunya, musamman ta cikin fari, takan sa a ɓoye har sai ciki ya tsufa. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha a cikin garin Gombe, ga kuma ƙananan asibitocin unguwanni inda ake gwada jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi.

Akwai kuma alamomin da in mai ciki ta ga ɗayansu, ko tana filin wasa na Pantami ko tana bakin turmi, lalle ta dakata nan take a kai ta asibiti: zubar jini, fashewar faya, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, jiri, ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, haki tun ba a fara aiki ba, kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ko kuma ɗa ya rage motsi.

Nauyin wannan al'amari yana wuyan magidanta da iyayen miji, domin su ke da ta cewa a gida. Maigidan da ya sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ya kai hatsi inji, ya ba da kuɗin motar zuwa awo tun ciki yana ƙarami, ya yi wa iyalinsa abin da mai horarwa da likita ke yi wa 'yar wasa. Haka nan masu horar da 'yan mata a makarantu da ƙungiyoyin wasa, in ɗaya ta yi aure ta sami rabo, kada a kore ta, kada kuma a tura ta gasa, a haɗa ta da likita ya yanka mata gwargwadon abin da za ta iya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu, amin.