Zaɓen Reza Don Askin Kai: Yawan Baki Ba Shi Ne Nagarta Ba

Duk wanda ya bi Titin Bauchi a cikin garin Jos da hantsin ranar Jumma'a, ko ta wajen tashar mota, ko Unguwar Rogo, ko ƙofar Jami'ar Jos, ba zai rasa cin karo da masu aski iri uku ba. Ga wanzami ya shimfiɗa tabarma a gindin bango, zabirarsa a gefe, yana wasa aska. Ga shagunan samari masu kilifa, janareta yana ruri a bakin ƙofa in an ɗauke wuta. Sa'an nan ga na uku, wanda ba a ganin aikinsa a titi sai dai a ga sayayyarsa, watau mutumin da ke tsayawa wurin mai tireda ya sayi abin da zai je gida ya aske kansa da kansa. Direbobi da 'yan kamasho, da ɗalibai, da magidanta masu sanƙo ko furfura waɗanda ba su son gashi ya kwana bakwai a kansu, duk suna cikin wannan sahu. A kan wannan na ukun ne maganar wannan mako za ta tsaya, domin shi ne wanzamin kansa, in ya yi zaɓen tumun dare ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Abin da zai tarar a teburin mai tireda bai wuce iri uku ba. Akwai tsurar reza a cikin takarda, irin su Tiger da Nacet da aka daɗe da sani. Akwai ta roba mai baki biyu, ko uku, ko biyar, wadda a ke yarwa in ta dakushe. Akwai kuma gidan reza na ƙarfe, wanda a ke kwance kansa a sa reza guda ɗaya mai baki biyu a ɗaure, shingen da ke ƙarƙashinta ya hana ta nutsewa cikin fata. Sau da yawa mai tireda ta robar zai miƙo, ya ce, "Alhaji, ga wadda a ke yayi, baki biyar gare ta." Mai saye kuwa sai ya ɗauka tun da baki biyar ya fi ɗaya yawa, to ya fi shi aiki. Nan ne kuskuren ya ke farawa.

Gidan reza ba baƙon abu ba ne. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya kafa kamfani a 1901 don yin reza siririya mai araha wadda ba a wasawa, in ta gaji a cire a sa sabuwa. A 1903 gidan reza 51 kaɗai ya sayar, da reza 168, amma a 1904 sai da ya sayar da gida fiye da 90,000. Da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka irinta, su kuma suka koma gida da al'adar. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Daga nan ne aka shiga tseren ƙara baki: mai biyu a 1971, mai uku a 1998, mai biyar a 2006, tsakani kuma kamfanin Bic na Faransa ya kawo ta roba ta yarwa a 1975.

To, mene ne aibin yawan baki? An shirya su ne yadda bakin farko zai kamo gashi ya ɗan jawo shi sama, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma. Saboda haka gashin ya kan yanku a ƙasa da fuskar fata. Ga mai gashi miƙaƙƙe wannan ba kome ba ne, sai ma daɗin santsi. Amma gashin baƙar fata nannaɗaɗɗe ne, in an datse shi can ciki, sa'ad da ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar, ko ya kasa fitowa, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya. Wannan shi ne asalin ƙurajen da ke fesowa kwana biyu ko uku bayan aski, da ƙaiƙayi, da baƙin tabo. Har ila yau, jan reza mai baki biyar sau ɗaya daidai ya ke da kankare wurin sau biyar. Ga kuma toshewa, domin guntayen gashi da kumfa su kan cushe tsakanin bakunan, mai aski ya ga ba ta ci sai ya ƙara dannawa. Reza guda ɗaya a cikin gidanta tana yanke gashi daidai da fata, kuma da an kaɗa ta a ruwa ta wanke.

Wajibi ne kuma a tuna cewa kai ba haɓa ba ne. Ƙwallon kai zagayayye ne, fatar ta shimfiɗu a kan ƙashi, kuma jijiyoyin jini sun yi yawa a cikinta, shi ya sa ɗan yanka kaɗan ya kan zubar da jini mai tayar da hankali. Akwai gashi wajen 100,000 a kan mutum, watau reza tana saurin dakushewa a nan fiye da a gemu. Akwai tudu da kwari, da nankin fata a ƙeya, da lungun bayan kunne, kuma rabin aikin a inda ido ba ya kaiwa a ke yin sa. Mutumin Jos kuma yana da nasa ƙarin. Garin yana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin jaura ya kan sauko har wajen digiri 10 da dare. Hunturu yana busar da fata ta yi kaushi, ruwan asuba kuma ba ya tausasa gashi. Rezar da za ta bi da irin wannan fata lafiya, lalle ta zama mai sauƙin hali.

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne shingen. Wani gidan reza shingensa sumul ya ke, wani kuwa haƙora gare shi kamar mataji. Mai haƙora an yi shi ne don gashin da ya yi tsawo, kuma ya fi barin reza a fili. Wanda ke aske kansa kowane mako, mai shinge sumul ya fi dacewa da shi. Na biyu, ya ɗaga shi sama ya dubi tazarar da ke tsakanin bakin reza da shinge. In tazarar ta yi faɗi, reza za ta ci da yawa, ta kuma yi saurin yanka. In ta yi ƙanƙanta, aski zai ɗan ɗauki lokaci amma fata za ta tsira. Akwai irin da a ke murɗawa a ƙara tazarar ko a rage, mai lambobi a wuya, wanda Gillette ya yaɗa tun wajen 1958 da lamba 1 zuwa 9. Wanda ya samu irin wannan sai ya fara daga ƙananan lambobi.

Na uku shi ne mariƙi. Hannu mai sabulu santsi gare shi, saboda haka mariƙi mai kaushi ko zane-zane ya fi mai sheƙi, kome kyaunsa a ido. Gajeren mariƙi, kamar inci 3 zuwa 4, ya fi juyuwa a bayan kai. Nauyi kuma alheri ne, domin nauyin ƙarfen shi ne zai yi aikin da mai ta roba ke yi da ƙarfin hannu. Na huɗu, kada a biya kuɗi sai an sa reza an ɗaure a gaban mai kaya. In bakin reza ya fi fitowa ta gefe ɗaya, ko ya karkace, ko wurin murɗawa ba ya kamawa tam, to a ajiye shi, domin ba abin da zai gyara shi a gida. Akwai mai kwancewa gida uku, akwai mai buɗe fikafikai kamar malam-buɗe-littafi. Na biyun ya fi sauƙin canja reza, na farkon ya fi ƙarko da sauƙin wankewa. Wanda aka yi da tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa ya kan yi shekaru, na ƙarfen zubi kuwa in ya faɗi a siminti yana iya karyewa a wuya.

Game da ita kanta rezar, girmanta ɗaya ne ko wane kamfani ya yi, saboda haka kowacce tana shiga kowane gida, mai gida ɗaya ba ya zama bawan kamfani ɗaya. Sai mutum ya gwada iri biyu ko uku ya ga wadda ta karɓi fatarsa. Wadda takardarta ta jiƙe, ko aka ga ɗigon tsatsa a kanta, ba ta da amfani ko da kyauta ce. Bayan askin kai biyu ko uku, ko da zarar an ji tana fizgar gashi, lokacinta ya yi. Dakusasshiyar reza ta fi mai kaifi yanka mutum, domin ita ce ke sa a danna.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙuraje nauyi. Gidan reza na mutum ɗaya ne, ba a aron sa, ko tsakanin wa da ƙane, ko tsakanin abokan ɗaki a makaranta. Ciwon hanta nau'in B ta jini ya ke yaɗuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayarsa tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, watau wajen mutum 1 cikin 12, kuma mafi yawansu lafiya lau a ke ganin su, sai bayan shekaru hantar wasu daga cikinsu ta gaza. Allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran jarirai a ƙasar nan a 2004, saboda haka wanda aka haifa kafin nan, in bai nema da kansa ba, ya kamata ya je a gwada shi a yi masa. Wannan dalili ne ya sa hukumomin lafiya na Saudiyya ke gargaɗin alhazai a Mina su je wurin masu aski masu izini, kowane kai da sabuwar rezarsa. Abin da aka ga ya wajaba a Mina bai zama wasa a Titin Bauchi ba.

Kyakkyawan gida ba ya hana mugun hannu yin ɓarna. In gashi ya taru, a fara rage shi da almakashi ko kilifa. A jiƙa kai da ruwan ɗumi na 'yan mintoci, a sa kumfa sosai. A kwantar da kan rezar ya jingina da fata kamar digiri 30, a riƙa ja gajere-gajere ba tare da dannawa ba, ana bin inda gashi ya kwanta: daga tsakar ka zuwa goshi, daga tsakar ka zuwa ƙeya. Yatsun ɗaya hannun su ne idon baya, su ke laluben inda ya saura, su kuma miƙar da nankin ƙeya kafin reza ta iso. Da ma an ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to amma ga mai aske kansa, ƙeya ce wurin haƙuri. In an gama a ɗauraye da ruwan sanyi, a goga alam a inda ya ɗan fashe, a shafa man kaɗanya, a sa hula saboda sanyin safe da zafin ranar tudu. Tsohuwar reza kuwa a jefa ta cikin gwangwanin madara a toshe, kada a yar a kwata ko bola inda yaro zai tsinta ya fiƙe fensiri ko ya yanke farce.

Ba kowa ne ya kamata ya yi ƙwal-kwabo ba. Wanda ƙeyarsa ta riga ta yi ƙuraje masu tauri da ke haɗewa su zama tudun tabo, reza kowace iri ce ƙara masa za ta yi. Gara ya tsaya a saisaye, ya je ya ga likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, tun tabon bai kashe gashin wurin ba. Haka nan mai ƙora a ka, da mai ciwon sukari wanda rauninsa ba ya saurin warkewa, da mai shan maganin tsinka jini, su nemi shawara tukuna. Askin jariri ran suna kuwa ba fagen koyo ba ne, ga maɗiga ga laushin fata, sai a bar wa gwani.

Wannan ya dawo da magana kan wanzami, wanda babu gidan rezar da zai kore shi daga sana'ar da ya gada. Da yawa daga cikinsu sun koma aiki da aska mai cin rabin reza, su ɓare sabuwa a gaban mai aski su karya ta biyu. Wanda bai ga an yi haka ba yana da haƙƙin ya ce, "Sarkin Aska, don Allah a sa mini sabuwa," ko ya zo da tasa a aljihu, kuma wanzamin kirki ba zai ji haushi ba. Haka a shagon kilifa, ɗan lasar wutar leta na daƙiƙa biyu ba tabbaci ba ne, mai hali ya sayi tasa ya riƙa zuwa da ita.

Wanda ya tsaya gaban mai tireda a Titin Bauchi, to ya nemi gida na ƙarfe mai shinge sumul da ƙaramar tazara, mariƙi mai kaushi, da fakitin reza busasshe, ya kai gida ya ajiye inda hannun kowa ba ya kaiwa sai nasa. Kuɗin da zai kashe ran farko zai fi na ta roba, amma daga nan sai 'yar canjin reza kaɗai, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.