Gargaɗi Ga Masu Mota Mai Canja Giya Da Kanta

Yau zancenmu a kan motar nan ne marar kuloci, wadda direbobi ke kira otomatik. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irinta da yawa, cikin motar Oldsmobile ta 1940. Ga shi yanzu ta cika garuruwanmu, malamai da akawuna suna sonta don sauƙinta. Amma fa sauƙin nan shi ke jawo sakaci, sakaci kuwa bisa hanya rai yake ci.

Ku dubi sandan giya, za ku ga haruffa a jere. P ta ajiye mota ce, R ta komawa baya, N ita ce firi, D ta tafiya gaba, L kuwa, ko lamba 2 da 1, giya ce mai ƙarfi ta hawa da gangara. Ba a banza aka jera su haka ba. A waɗansu motocin farko R na daura da L, mutum ya nufi gaba sai ya faɗa baya. Tun 1968 dokar Amurka ta ce lalle N ta raba tsakanin gaba da baya.

To, abu na farko, kada a kai sandan ga P, ko R, ko a komo da shi D, sai ƙafa na bisa birki, mota ta tsaya cik. Wanda ya jefa R mota na gungurawa gaba, shi da bakanike ne.

Na biyu, P ba birki ba ce. Wani ɗan ƙarfe ne ke shiga tsakanin haƙoran giya ya kulle ta. In kun tsaya a gangare, ku taka birki, ku ja birkin hannu, sa'an nan ku sa P, don kada nauyin mota duka ya hau kan ɗan ƙarfen nan. Kuma ku duba da ido kafin ku fita. A 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci fiye da miliyan ɗaya don gyara, saboda direbobi na fita suna zaton sun sa P, mota ta bi gangare ba kowa ciki.

Na uku, shi ne ya fi damuna. Akwai masu sa N a gangara, wai tattalin mai. Wanda ya san Hawan Kibo a ƙasar Filato ya san wannan ganganci ne. In an sa N, inji ya saki mota ke nan, aiki duka ya koma kan birki. Birki kuwa in ya yi zafi ainun ba ya kamawa. Ku rage gudu tun daga bisa, ku sa 2 ko L, inji ya riƙe muku ita. Man ma ba a tsira da shi ba, gama motocin yanzu kan yanke mai da kansu in an ɗaga ƙafa daga totur giya na ciki.

Na huɗu, ƙafar dama kaɗai ke aiki, ita ce ta birki, ita ce ta totur. Kuma motar nan ba a tayar da ita da turi.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya kiyaye mu, amin. Sai mako mai zuwa.