Ra'ayi: A cire kuɗin juye kafin balas, in ana son tsohuwar motar gas ta daɗe

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da kaka, ko na rabin awa ne, zai ga motocin da suka girmi direbobinsu suna wucewa. Mercedes 911 mai bodin katako, Canter da aka fi sani da Kanta, tsohuwar Dyna, da Hilux ɗin da fentinta ya koɗe tun tuni. Wasu sun fito daga Tudun Wada da shinkafa, wasu daga Doguwa da masara, wasu daga ƙauyukan Kiru da Bebeji da rake ko dawa, akasarinsu sun nufi Kano, musamman Dawanau.

Waɗannan motoci su ne ke fitar da amfanin gonar kudancin Kano. Ranar da suka kwanta, hatsi zai zauna a ƙauye ko kuma a sayar da shi yadda ɗan kasuwa ya ga dama. Kuma maye gurbinsu ya yi wuya. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, kuɗin motar Kwatano ya fi ƙarfin mafi yawan masu mota ɗaya ko biyu. Wanda yake da tsohuwar motar gas mai lafiya a yau, yana riƙe da jarin da in ya salwanta da wuya ya sake haɗa shi.

Abin takaici, a hannun masu su da direbobinsu yawancin motocin nan ke mutuwa.

Injin gas irin na da an ƙera shi ne don ya daɗe. Ba shi da fulogi, matsa iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, shi ya sa ƙarfensa ya fi na injin fetur kauri. Ba shi da kwamfuta, famfon injekta ne ke auna mai yana tura wa kowace nozul. Irin su 911 an fara ƙera danginsu a Jamus tun 1959, aka ci gaba da yi har cikin shekarun 1990, kamfanin ANAMMCO na Enugu kuma ya harhaɗa manyan motocin Mercedes a nan gida. A Girka, wani direban tasi na birnin Thessaloniki ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da Mercedes 240D, har kamfanin ya karɓi motar a 2004 ya ajiye ta a gidan tarihinsa. A Maroko ma irin wannan mota ta yi shekaru masu yawa tana jigila tsakanin garuruwa kafin gwamnati ta fara biyan direbobi su sauya ta.

To me ya sa a nan sai a ji inji ya buga bayan shekara biyu da yi masa aiki?

Matsalar tana cikin lissafin yamma

Tsarin da aka fi bi sananne ne. Mai mota ya ba direba makulli, direba ya kawo balas, abin da ya ragu nasa ne da yaron mota. Kuɗin juye da filta da giris ba su da gurbi a wannan lissafi. Sai ranar da mota ta fara kuka direba zai je ya durƙusa ya ce, "Alhaji, mota fa tana son juye." Alhaji ya ce, "Ka bari a gama wannan kasuwar tukuna." Kasuwa ta ci, wata ta zo, baƙin mai ya koma kamar kwalta.

Direban ba mugu ba ne, Alhajin ma ba marowaci ba ne dole. Tsarin ne ya sa kowa ke ganin kuɗin gyara kamar daga aljihunsa zai fita. Direba ya san gobe ana iya karɓe makulli, don haka lafiyar injin nan da shekara biyar ba damuwarsa ba ce. Mai mota kuma ba ya cikinta, bai ji ƙarar da ta canza ba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar gwamnati. A kowane lodi a ware kason mota tun kafin a yi maganar balas, a ajiye shi daban, kada a taɓa shi don biki ko taki. A kuma sayi ɗan littafi a ajiye a gaban mota, a riƙa rubuta ranar juye, irin man da aka zuba, ranar da aka canza filta da sunan garejin. Yawancin motocin nan agogon kilomitarsu ya daɗe da mutuwa, don haka a ƙirga da zuwa: sawu nawa aka yi Kano, kwana nawa aka yi ana shiga gona. Direban da ya riƙe mota shekara guda ba ta buga ba, ya cancanci a ƙara masa wani abu, domin ya tsare wa mai ita kuɗin da ya fi balas ɗin watanni.

Gas ɗin da ake zubawa

An daɗe da cire tallafi a kan gas, tun kafin a cire na fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, daga baya lita ta haura naira dubu. Tsadar nan ce ta buɗe ƙofar gas ɗin jarka wanda ba a san asalinsa ba, wani an surka shi da kananzir, wani da ruwa a ƙasansa.

Abin da direbobi da yawa ba sa lura da shi shi ne, gas ɗin da kansa ke shafa wa cikin famfon injekta da nozul maiƙo. Kananzir ba shi da wannan maiƙon sosai. Mota za ta tashi, za ta yi gudu, amma ƙarafan da aka ƙera su daidai wa daida suna cin juna a hankali. Ruwa kuma tsatsa yake haifarwa. Ragin da aka samu a jarka goma ba zai biya gyaran famfo ɗaya ba. Araha dai ba ta ado.

In dole ta sa a sayi na jarka a cikin ƙauye, a bar shi ya kwanta, a tace, kada a juye na ƙasan. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta. Kuma a daina tafiya da tanki kusan wayam: dattin ƙasa ake zuƙowa, mota ta ja iska ta mutu a hanya, ga raɓar da ke taruwa a cikin tankin da babu mai a daren sanyi. Mutuwar mota a tsakiyar dajin Falgore da magariba ba abin da direba ke fata ba ne, kowa ya san dalili.

Akwai kuma sinadarin sulfa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Switzerland ta fitar a 2016 ya nuna irin gas mai yawan sulfa da ake shigo wa Afirka ta Yamma da shi. Tsohon inji yana jure shi fiye da sabo, amma sulfa tana lalata baƙin mai da wuri. Ke nan wanda ke aiki cikin ƙura da lodi mai nauyi, gara ya yi juye kafin lokacin da littafin kamfani ya faɗa, ba bayansa ba. Kuma a guji man da aka ɗura a tsohuwar roba aka liƙa mata sabon murfi.

Ƙura, zafi da sanyin Doguwa

Injin gas iska yake sha mai yawan gaske. A hunturu, kan hanyoyin burji na cikin ƙauyuka, filtar iska kan toshe cikin 'yan kwanaki. Sai mota ta rage ƙarfi, ta fara baƙin hayaƙi. Mafi munin abin da ake yi shi ne a cire filtar gaba ɗaya ko a huda ta wai don mota ta numfasa. Ƙurar da ta shiga kamar yashin goge tukunya take a jikin ringi da silinda. Wata shida aka yi haka, sai hayaƙi ya koma shuɗi, alamar inji ya fara shan baƙin mai.

Hayaƙi dai ba ya ƙarya. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, a duba nozul ko gasket tun kafin ruwa ya haɗu da mai.

Lagireto ma haka. Ruwan rijiya ko na rafi ake ɗurawa, ya bar gishiri da tsatsa a ciki, hanyoyin ruwa su toshe. Idan mota ta fara zafi, maimakon a wanke lagireto a duba fambel, sai a ciro abin nan da ke daidaita zafin inji a jefar, a ce na ƙasar Turawa ne. Ciwon yana nan, an dai ɓoye shi, zai fito ne a hawan tudun wajen Riruwai da buhu fiye da ƙima a baya.

Da asubar hunturu kuwa, a yankin Doguwa mai tuddai, sanyi kan hana mota tashi. Nan ake jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iska. Tana tashi, amma da wata irin ƙara mai kama da dukan guduma, kuma dukan ne na gaske a kan fistin da ringi. Batir mai ƙarfi da gyaran hita, ga motar da ke da ita, sun fi wannan dabara sauƙi nesa ba kusa ba.

Damina nata aikin a ƙasan mota yake. Duk sawun da aka ratsa ruwa da laka, giris ya wanke daga farfela da gaɓoɓin gaba. Gwangwanin giris ba shi da tsada, yaron mota ma zai iya.

Masu gyaran sun fara ƙaranci

Kanikawan da suka san injin nan ciki da bai, da yawansu sun manyanta. Yaran da ke shiga gareji yanzu sun fi son koyon babur da Adaidaita Sahu, inda kuɗi ke shigowa kullum. Saita famfon injekta kuwa aiki ne na inji na musamman, ba na kunne da sukundireba ba, kuma sau da yawa sai an kwance an kai Kano. Haka kayan gyara: a Ƙofar Ruwa akwai na asali, akwai na Beljiyam, akwai jabu mai kwali iri ɗaya da na asali. Mai motar da ya tura yaro da kuɗi kaɗan ya ce a sayo mai sauƙi, shi ya zaɓi na ukun da kansa.

Nan ne ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa, NATA, ke da abin yi. Wurin saita famfo da gwada nozul guda ɗaya mai inganci a Kwanar Dangora ko Tudun Wada zai wadatar da ƙananan hukumomi huɗun nan, ya kuma zama makarantar yara. Shugabannin ƙananan hukumomin da ke raba babura da sunan tallafi, da za su haɗa kuɗi su sayi injin gwajin, da amfaninsa ya fi daɗewa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowace tsohuwar mota ce ta cancanci a ci gaba da lallaɓa ta ba. Inji na iya zama garau alhali birki ya mutu, sitiyari na rawa, taya ta suɗe, fitilar baya babu. Titin Kano zuwa Zariya ya yi kyau yanzu, gudu ya ƙaru, kuma a saman buhunan nan akwai mutane zaune. Motar da shasinta ya tsage aka yi ta walda, a sayar da injinta a saka a injin niƙa ko na ban-ruwa a yankin Tiga, ya ci gaba da aiki a inda ba zai kashe kowa ba.

Wadda kuwa jikinta ke da sauran ƙarfi, lokacin duba ta shi ne 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da fara girbi, lokacin da gareji ba cunkoso kuma kwana uku a kwance ba zai ci kasuwa ba. A fara da birki, sannan lagireto, sannan nozul.