Takunkumi da buɗaɗɗiyar manhaja: Darasin da ke cikin matakan Linux da GitHub

A watan Oktoban 2024 aka cire sunayen mutum fiye da goma, akasarinsu 'yan Rasha, daga jerin masu kula da sassan Linux, manhajar da aka gina tsarin wayoyin Android a kanta.

Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya ce an yi hakan ne domin bin wasu ƙa'idoji, amma bai fayyace su ba.

Linux buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma yi amfani da ita kyauta. Shi ya sa matakin ya janyo ce-ce-ku-ce. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro ta, ya ce ba za a janye shi ba.

Sai bayan kwanaki wani jigo a aikin, James Bottomley, ya ba da haƙuri kan yadda aka tafiyar da lamarin. Ya bayyana cewa abin ya shafi waɗanda ke aiki da kamfanonin da ofishin OFAC na Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ya ƙaƙaba wa takunkumi.

Me ya sa ba za su iya ƙi ba?

Manhajar ta kowa ce, amma cibiyoyin da ke riƙe da ita suna da adireshi. Gidauniyar Linux a Amurka take. Shi ma dandalin GitHub, inda miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Duk wanda ya karya takunkumin zai iya fuskantar tara mai nauyi.

Saboda haka bin doka dole ne. Inda suke da zaɓi shi ne yadda za su bi ta.

Abin da GitHub ya yi

A watan Yulin 2019 GitHub ya taƙaita ayyukansa ga masu amfani da shi a Iran da Siriya da yankin Kirimiya. Wasu sun wayi gari ba sa iya shiga ma'ajiyarsu ta sirri, ba tare da gargaɗi ba.

Amma kamfanin bai tsaya nan ba. Ya bar buɗaɗɗun ayyuka a buɗe, ya samar da hanyar ɗaukaka ƙara, sannan ya nemi izini na musamman daga OFAC. A Janairun 2021 ya sanar da samun lasisin mayar wa 'yan Iran cikakkun ayyukansa.

Mece ce mafita?

Na farko, kamfani ya tsaya daidai inda doka ta tsaya. Idan takunkumin ya ambaci wani kamfani, kada a hukunta duk 'yan ƙasar. 'Yan Sudan sun ɗanɗana kuɗarsu a nan: Amurka ta cire takunkumin da ta sa wa ƙasar tun 1997 a shekarar 2017, amma wasu kamfanoni sun daɗe ba su buɗe musu ƙofa ba, don gudun shiga matsala.

Na biyu, a faɗi dalili tun farko, a kuma ba mutum damar kwashe aikinsa da kare kansa. Rashin bayani ne ya rura wutar rikicin Linux.

Na uku, a nemi lasisi. Manyan kamfanoni na da lauyoyin da ɗalibi a Tehran ba shi da su.

Wasu cibiyoyin sun zaɓi ƙaura. Ƙungiyar RISC-V, mai kula da buɗaɗɗen tsarin ƙera kwakwalwar kwamfuta, ta koma Suwizalan a 2020. Sai dai dokar Amurka na nan kan mambobinta Amurkawa.

Buɗaɗɗiyar manhaja na rayuwa ne da gudunmawar mutanen da suka yarda cewa aikinsu za a duba, ba fasfonsu ba. Idan wannan yarda ta gushe, ƙwararru za su watse, kuma masu gyara kurakuran tsaro a manhajar da wayoyin jama'a suka dogara da ita za su ragu.