Gonar da ke shan dattin kifi

 Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan da ake kiwon tarwaɗa ranar canjin ruwa, hancinsa ya ba shi labari. Ruwan kore ne, ga wari, kuma sau da yawa cikin kwata ake malalar da shi.

Me ke ɓata ruwan? Kashin kifi ne da ragowar abinci, da kuma sinadarin amoniya da kifi ke fitarwa ta ƙaharinsa. Idan amoniya ta taru, kifin da kansa take kashewa. A ƙasashen bakin teku matsalar ta fi girma, domin gonakin kifinsu manya ne. Idan suka zubar da ruwa mai cike da naitirojin da fosfaras, sai ƙananan gansakuka su yi yawa fiye da kima. Idan suka mutu suka ruɓe, sai iskar oksijin ta ƙare a ruwan, halittu su shaƙe.

Amma mu tuna darasin aikin gona: naitirojin da fosfaras ai su ne manyan sinadaran takin zamani. Ashe abin da ke cutar da kifi, abinci ne ga tsiro. Nan ne ciyawar teku ta shigo. Ba ta da saiwa, da dukkan jikinta take tsotsar abinci daga ruwa, ga ta da saurin girma. Da rana kuma tana sakin oksijin.

A Afirka ta Kudu akwai gonakin abalon, wani irin dodon koɗi na teku mai tsada. Wasu daga cikinsu suna tura ruwan da ya ɓaci zuwa dogayen tafkunan siminti da aka shuka wata koriyar ciyawa mai suna Ulva. Ciyawar ta shanye amoniya, a mayar da wani kaso na ruwan a sake amfani da shi, ita kuma a girbe ta a ciyar da abalon. Dattin jiya ya koma abincin yau.

Ciyawar teku kuma amfanin gona ce a kanta. A tsibirin Zanzibar na Tanzaniya an fara nomanta don sayarwa a shekarar 1989, da irin da aka kawo daga Filifin. Sunanta mwani da Suwahili, kuma galibin manomanta mata ne. Idan ruwan teku ya ja baya, sai su kafa turaku, su ja igiya, su ɗaure gutsattsarin ciyawar a jiki. Bayan kamar mako shida a girbe, a shanya, a sayar. Daga cikinta ake fitar da sinadarin karajinan, mai sa man goge baki da askirim su yi kauri. Da kuɗinta uwaye da dama ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Sai dai noman bai rasa cikas ba. Ruwan bakin gaɓa na ƙara ɗumi, irin da ya fi kuɗi yana mutuwa, abin da ya sa wasu matan ke matsawa zuwa ruwa mai zurfi, alhali da yawansu ba su iya iyo ba.

Mu da ke nesa da teku, ciyawar ba za ta rayu a ruwanmu ba, gishiri take so. Dabarar ce tamu. Ruwan tarwaɗan da ke damun maƙwabta, in aka karkata shi zuwa bedin alayyafo ko gindin ayaba, taki ne kyauta.

Ga aikinmu na wannan mako: mu shuka alayyafo a gwangwani biyu, ɗaya mu riƙa ba shi ruwan rijiya, ɗaya ruwan kifi. Bayan mako uku mu auna tsayinsu, mu aiko wa wannan fili sakamakon. Sai mun ji daga gare ku.